Matar da Ta Ƙi Taɓa Wayata

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, alhali sai takwas ake buɗe wa jama'a ƙofa. Ba labari aka ba ni ba. Kwana biyar a jere ina riga ta zuwa bakin get ɗin nan, ina kai da kawowa har maigadi ya ce zan cinye masa siminti da takalmi. Za ka hango ta daga kwanar titi, jaka a kafaɗa, fulas a hannu, tana ɗan jan ƙafar hagu. Maigadi ya buɗe mata ƙaramar ƙofa, ta tambaye shi ya iyali, ta wuce can ƙarshen zauren ofishin rajista, inda aka jingina teburinta da taga.

Kafin ta zauna sai ta ɗaga wayarta sama ta zagaya zauren a hankali, tana neman inda sabis ya kwana yau. Inda ta same shi, nan za ta ja benci. Daga nan ta jera kayanta: kwanon roba shuɗi, tawul, kwalbar man shafawa, igiyar caji mai baki biyar da ta saya da kanta, da 'yar na'urar nan mai gilashi da ake ɗora yatsa a kai. Ruwan fulas ɗin ba na shayi ba ne. Ruwan ɗumi ne na jiƙa yatsun mutane. Idan an buɗe ƙofa, masu takalmi mai ƙyalli su nufi sauran tebura, mu kuma, tsofaffi da 'yan dako da masu wankau da duk wanda harafi ya fi ƙarfinsa, mu gangara wajenta. Ta tashi tsaye, ta mayar da hannayenta biyu baya ta sarƙe su, ta ce, "To, wa ke gaba? Fito da wayarka."

Shi ya sa muke ce mata Malama Hannu-a-Baya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma tun da na ji, zama ya gagare ni.

Ni magini ne. Shekara sittin da biyu ina riƙe da cokalin gini, har gobe kuma ba yaron da zai ja shafe ya fi nawa santsi. Na faɗo daga hawa na uku na tashi na kakkaɓe riga. Katanga ta rufta a kaina, aka tono ni ina tambayar ina hulata. Ambaliyar da ta kwashe unguwarmu ta bar gida ɗaya a tsaye, ku tambaya wa ya gina shi. Sa'o'ina duk na raka su, ni kaɗai na rage. Aji kuwa ban taɓa shiga ba, sai dai in gina wa 'ya'yan wasu. 'Yata ce ke rubuta wannan, ni nake faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Na kawo duk wannan ne don ku san ba ƙaramin mutum ba ne matar nan ta sa ya durƙusa a gaban tebur.

Shekara tara ke nan da aka ce harkar gwamnati ta koma cikin waya. Takardar haihuwa, waya. Lasin, waya. Ganin likita, waya. Masu ilimi suna ta mamakin me ya hana talaka rungumar abin, wai ga sauƙi an kawo masa har cikin aljihu. Da sun tambaye ni da na gaya musu. Mu mun saba abu na gwamnati a buga masa hatimi, ka ji ƙararsa, ka ninke takardar ka sa a ƙarƙashin katifa. Yanzu ka danna, abu ya yi ta juyawa, sabis ya ɗauke, data ta ƙare, ba ka san ko ya shiga ko bai shiga ba, ba kuma fuskar da za ka kama ka ce kai ne ka karɓa. Rubutun da yaren da ba naka ba. Ga tsoro, don kowa ya san wanda aka kira aka ce daga ofis ne, ya faɗi lamba, aka yi masa tas. Amma babban abin, wanda ba mai faɗa, shi ne kunya. Mutum da furfurarsa ya tsaya gaban jama'a a gane bai san inda zai sa yatsa ba.

Wannan kunyar ita ta yi wa Mai Lema kasuwa. Wani mutum ne da ya kafa lema a ƙofar ofishin, da tebur da waya babba. Ka miƙa masa katin shaidarka, ka juya kai kana kallon titi kamar kana da abin yi, minti biyar ya ce an gama. Ba ya tambayarka komai, ba ya sa ka danna komai. Mu a wajenmu wannan shi ne mutunci.

Da yanar ido ta rufe idanun tsohuwata, wato matata, likita ya ce aiki za a yi, amma sai an sa iyali a rajistar lafiya, kuma ranar aikin za ta zo ta saƙo a waya. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. 'Yata tana aure a wani gari, ita ta saya mini wayar, ni kuwa abin da na sani a jikinta guda biyu ne, ɗaga kira da kashewa. Da ta ce za ta zo ta yi mana, na ce ta zauna ɗakinta, ubanta bai gaza ba. Na je wajen Mai Lema. Da ya zo wurin sa lamba sai ya ce, "Baba, bari in sa tawa, don lambar shiga ta faɗo nan da nan, kada in wahalar da kai." Na ce Allah ya yi albarka. Haka ya yi wa kowa, haka kowa ya gode masa. Bayan wata biyu aka tashi masu rumfuna daga bakin titi, ya naɗe lemarsa, ba wanda ya san inda ya nufa.

Wata takwas muna jira. Wayar tana aljihun gaban rigata, ko wanka zan shiga sai na ɗora ta a kan bulo kusa da ƙofa. Duk saƙon da ya shigo sai na kai wa Tela, maƙwabcina, ya karanta, ya ce talla ce. Tsohuwata kuwa tana ta dusashewa. Macen da take zura zare a allura da magariba ta koma bin bango da tafin hannu. Ta daina zuwa gidan ƙanwarta. Idan na shigo sai ta ce, "Waye?" in ce, "Wa kike da shi in ba ni ba?" ta ce, "To ai gara in tambaya, kada wani kyakkyawa ya shigo in yi masa tarbar da nake yi maka." Muna dariya, amma cikina ba dariya. Ran da ta laluba murhu ta kifar da tafasasshen ruwa a ƙafarta, ban ko ɗaure maɓallin riga ba na nufi ofishin nan, niyyata in ɗaga rufinsa da murya.

Tebur uku suka tura ni gaba. Na huɗun shi ne nata. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, na gaya mata ko ni waye, na lissafa mata gine-ginen da na yi, har da benen da ke kallon tagarta. Ba ta katse ni ba. Da na gaji ta ce, "Sannu Baba. Zauna. Yaya ƙafar Inna yanzu?"

Duk zancen da na yi, ƙafar ta riƙe.

Ta karɓi lambar katina ta duba a kwamfutarta, sai na ga fuskarta ta canja. Ta karanto wata lambar waya ta ce, "Taka ce?" Na ce a'a. Ta ce, "Ta mai lemar nan ce. Na haddace ta, kai ne mutum na ɗari da wani abu." Sannan ta gaya mini a hankali, yadda na kusa da ni ba zai ji ba. Sau biyu aka ba tsohuwata rana. Sau biyu saƙo ya tafi wayar Mai Lema, ba a amsa ba, aka ba wani gurbin. Jiya aka turo na uku. Idan kwana bakwai suka cika ba a amsa ba, sunanta ya fita daga layi, sai a sake daga farko. Kwana shida suka rage.

Ni da katanga ta danne ban ji numfashina ya tsaya ba sai ran nan. Watau tun wata biyar da suka wuce da tsohuwata tana gani. Watau ƙunar nan ni na zuba mata.

Na ce, "To ki amsa musu mana, ga kwamfuta a gabanki."

Ta ce, "Daga nan ina iya gani, ba na iya amsawa. Sai daga wayar da ke cikin rajista. Za mu cire tasa mu sa taka. Amma na'ura ba za ta yarda ba sai ta ga yatsan wanda aka buɗe rajistar da sunansa. Kawo hannu."

Na ɗora babban yatsa. Ja. Na ɗora manuni. Ja. Ta juya tafin hannuna ta duba, ta ce, "Siminti?" Na ce shekara sittin da biyu. Ta ce, "Ya cinye zanen tas, kamar bayan cokali." Ta zuba ruwan ɗumi a kwano, na jiƙa, ta ba ni tawul, ta ɗiga mini mai, muka sake. Ja. Ta cike wata takardar neman canji ta hannu, ta ce wannan sai ta yi sati shida kafin ta dawo, amma a tura ta don kada a zauna haka. Sannan ta kafa mini doka: ba siminti, ba yashi, ba sabulun wanki, mai safe da yamma, kuma kullum in zo da sassafe mu gwada.

Na ce, "Malama, ina da shafen ɗaki biyu a hannuna."

Ta ce, "Ɗakin zai jira. Idon ne ba ya jira."

A kwanakin nan ne na san ta, don bayan an gwada an ga ja ba na iya komawa gida in zauna ina kallon tsohuwata tana lalube. Sai in tsaya a zauren, in zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo. Na ga abubuwa da idona, wasu kuma waɗanda suka faru a kansu suka ba ni.

Tela da kansa ya gaya mini nasa. Shekara biyu ya ƙi sabunta takardar shagonsa, don ya rantse duk wanda ya shiga shafin gwamnati, gwamnati na kallon cikin wayarsa har hotunan matarsa. Da ya je wajenta bai ɓoye ba. Ba ta yi masa dariya ba. Ta juyo da fuskar kwamfutarta gabansa ta ce, "Ga duk abin da nake gani a kanka. Karanta." Suna, unguwa, sana'a, shi ke nan. Ta ce, "Abin da na sani na nuna maka. Abin da ban sani ba, ba zan rantse maka a kai ba." Tela ya ce wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa ya yarda, don tun da yake bai taɓa jin ma'aikaci ya ce akwai abin da bai sani ba.

A gabana wata mai wankau ta zo neman takardar haihuwar 'yarta. Da aka zo wajen lambar sirri sai ta buɗe baki za ta faɗa da ƙarfi. Malama ta toshe kunnuwanta biyu ta juya baya ta ce, "Kul! Ko ni kada ki gaya wa. Ko an kira ki an ce ni ce, ki kashe wayar." Matar ta ce, "Haba Malama, ke ai uwa ce." Ta ce, "Uwar ma ta ce kada ki gaya mata." Zauren ya kwashe da dariya, amma na lura kowa ya ƙara matse wayarsa a ƙirji.

Malama, ke ce ba ki taɓa ce wa mutum "ai abu ne mai sauƙi" ba. Na kasa kunne kwana shida ban ji ba. Ke ce kike maimaita magana sau bakwai da murya ɗaya, ta bakwai ɗin ba ta fi ta farko zafi ba. Ke ce idan sabis ya ɗauke ba kya cewa a dawo gobe, sai ki kwashi mutane kamar agwagwa da 'ya'yanta ku koma gindin matakala inda yake kamawa. Mai shuɗin kwano, wadda ta san tsoho ba wawa ba ne, tsoro yake ji.

Amma fa ran nan ban ga wannan kyan ba. Rana ta biyu, ja. Ta uku, ja. Ta huɗu na'urar ta yi kamar za ta yarda, ta yi tunani, ta sake ja. Na yi yawon neman Mai Lema har tasha biyu, wani ya ce ya koma sayar da takalma, wani ya ce ya bar gari. Lambarsa a kashe. A gida ina zaune da hannaye sharkaf da mai, na baza su a gwiwa kamar amarya. Tsohuwata ta shinshina ta ce, "Malam, wannan ƙamshin fa? Ko don ka ga ba na gani ne ka fara gyaran jiki?" Ban gaya mata gaskiya ba. Na ce likita ne ya ce fatata ta bushe. Ta ce, "Shekara hamsin da huɗu tana bushe, sai yau?"

Rana ta biyar na kai ƙarshe. Na ce wa Malama a gaban mutane injin banza ne, aikin banza ne, da can da takarda da tuni an gama. Ta bari na sauke. Sannan ta ce, "Baba, tun ran farko yatsu tara kake ba ni. Ina na goman?"

Na ce, "Wannan ya mutu."

Bari in faɗi abin da ban saba faɗa ba. Labarin faɗowata daga hawa na uku kowa ya ji shi a bakina, wasu sau ashirin. Abin da nake tsallakewa shi ne ban tashi lafiya lau ba. Ƙaramin yatsan hagu ya karye ya lanƙwashe ya manne da tafin hannu, bai sake miƙewa ba. Shekara talatin da ɗaya ina dunƙule shi, ina sa hannun a aljihu idan za a ɗauki hoto. Ran da aka yi mana katin shaida, maza biyu suka taru suka ɓanɓare shi da ƙyar aka ɗauki zanensa, na yi rantsuwa ba mai sake ganinsa.

Ta ce, "Shekara nawa rabonsa da taɓa siminti?"

Na ce talatin da ɗaya.

Ta ce, "To shi kaɗai ne mai rai a cikinsu. Gobe ka zo da shi."

Kamar da ina barin sa a gida.

Rana ta shida, ranar ƙarshe, sabis ya ƙi zuwa tun safe. Ba a zaure ba, ba a gindin matakala ba. Babbar na'urar ce can inda take ta tsaya, kowane tebur ya naɗe hannu. Goma, sha biyu, biyu. Na auna zauren nan da ƙafa ya fi sau ɗari, taku ashirin da uku ne, kuma tayil ɗinsa ba a kan igiya aka jera shi ba. Ƙarfe huɗu ake rufewa. Malama ta sa na jiƙa hannun hagu, duk sanda ruwan ya huce ta ƙaro daga fulas, har ya ƙare ta je ta roƙo wani a wajen mai shayin bakin get. Uku da minti goma wani ya yi ihu daga can, "Ya dawo!"

Yatsan ya ɗan saki, amma ba zai kwanta a kan gilashi ba. Igiyar na'urar kuma gajera ce, an ɗaure ta da ƙafar tebur. Matar nan, da shekarunta da ciwon ƙafarta, ta durƙusa ta shiga ƙarƙashin tebur ta kwance ɗaurin da haƙori da farce. Ta fito da ƙura a mayafi ta ce, "Baba, sai ka sauko, igiyar ba za ta kai sama ba." Na durƙusa. Ni. A gaban 'yan dako da masu wankau. Ta kifa na'urar ta cusa bakinta tsakanin yatsan da tafin hannuna ta ce in matse. Zafin ya harba har ƙeyata. Ja. Ta ce a sake. Na cije leɓe na matse kamar zan fasa gilashin.

Kore.

Mai wankau ɗin nan da ta dawo karɓar takardarta ta rangaɗa guɗa. Malama ba ta ko ɗaga kai ba, ta sa lambata, ta sake turo saƙon asibiti. Wayar ta yi ƙara a aljihuna. Huɗu saura ashirin. Na ciro ta na miƙa mata da hannu biyu.

Ta miƙe tsaye ta mayar da hannayenta baya.

Na ce, "Malama, ba yau ba. Don girman Allah, ba yau ba. Gobe ki koya mini har dare, yau ki danna."

Ta ce, "Kai za ka danna."

Na ce, "Ban iya karatu ba!" Da ƙarfi na faɗa, zaure duk ya ji. Abin da na biya Mai Lema don kada a ji, ga shi na yi shelarsa da bakina.

Ta ce, "Na sani tun ran farko. Wanda ya danna maka wancan karon, ina ya kai ka? Ido biyu gare ta, Baba. Saƙon ido na biyu zai zo lokacin ba na kusa da kai. Ka san lambobi?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni? Ni da nake karanta tef ɗin awo tun ba a haife ki ba? Ni da nake duban bango in gaya miki bulo nawa ya ci?"

Ta ce, "To ashe ka iya rabin aikin. Taɓa shuɗin rubutun nan. Yawwa. Yanzu wasu lambobi shida za su faɗo daga sama. Ka ɗauke su kamar awon ƙofa, ka zuba su a ramukan nan shida."

Suka faɗo. Kafin in gama kallonsu suka gudu. Ta nuna mini da haɓa yadda zan jawo su da yatsa. Ga mai a hannu, wayar na zamewa. Na sa huɗu, na biyar na danna na kusa da shi. Ta ce ga mai gogewa can a gefe. Kafin in gyara, wa'adin lambobin ya ƙare. Huɗu saura tara. Na ɗaga kai na dube ta, na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga kafaɗunta suna motsi, hannayen nan na baya suna murɗa juna. Ashe ita ma riƙe kanta take yi. Ta ce, "Goge hannunka da tawul. Nemi wasu. Ba gini kake yi a sama ba, ba inda za ka faɗa."

Wasu shida suka zo. Na karanta su a bayyane kamar ina ba lebura awo, sai ta ce, "A zuci, Baba!" Na zuba su ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya buɗe, ga akwati biyu, kore da ja. Ta ce, "Kore na nufin za ku zo. Ja na nufin kun fasa. Ban ce maka komai ba kuma." Na ɗora babban yatsana, wannan da na'ura ta ce ba shi da zane, na danna kore. Ai waya ba ta raina shi ba.

Ta duba kwamfutarta ta ce, "Ya shiga. Ranar Talata ta sama, ƙarfe takwas, kada ta ci komai." Na ce ina hatimi? Ta ce saƙon da zai shigo yanzu shi ne hatimin, kada in goge. Sai a sannan ta saki hannayenta, ta zauna, ta sha ragowar ruwan da aka roƙo don yatsana.

Da aka cire wa tsohuwata bandeji, ta daɗe tana kallona da ido ɗaya. Ta ce, "Malam, wata takwas kana ce mini ba ka canja ba." Na ce ai ban canja ba. Ta ce, "To a mayar mini da yanar." A hanyar gida na gaya mata komai, da lemar da lambar da wata biyar ɗin. Muka ci gaba da tafiya har ƙofar gida. Sannan ta ce, "Na sani. Tela ba ya iya riƙe magana. Ina jira ne in ga ko bakinka zai iya ɗaukar abin da ba yabon kai ba."

Saƙon ido na biyu ya zo wata uku bayan nan, ina kan tsani. Na sauko, na wanke hannu, na zuba lambobi shida, na danna kore, na koma na ƙarasa shafena. Ban nemi Tela ba. Ku rubuta wannan a cikin abubuwan da na tsallake, kusa da hawa na uku.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Na ji ana cewa idan ta tafi ba lalle a sa wani a teburin ba, wai jama'a sun waye, za a manna takarda da lambar da za a kira. Ban san gaskiyar zancen ba, amma ina roƙon masu iko da abin su zo su zauna a bencin nan yini ɗaya. Su ƙirga yatsun da siminti da sabulu suka cinye. Su ga masu shigowa suna riƙe da waya kamar an ba su ajiyar maciji. Wanda bai iya karatu ba, takardar bango me za ta gaya masa? Mutane ba shafi suke yarda da shi ba, mutum suke yarda da shi, sai shi ya miƙa su ga shafin. Idan kuka ɗauke teburin, wallahi kafin sati wata lemar ta tsiro a bakin get.

Ku kuma masu ilimin waya, 'ya'yanmu da jikokinmu da ma'aikata, na san kuna da kirki. Kirkin naku ne ma yake kashe mu. Tsoho ya miƙo waya, ku fizge, tsit tsit, ku miƙa masa, ya tafi yadda ya zo. Ku gwada na Malama ko sau ɗaya. Ku sa hannu a baya. Yana da wuya, na ga wuyarsa a kafaɗunta, na kuma ɗanɗana, don yanzu duk ranar da ba ni da aiki ina bencin nan, kuma jiya wani tsohon direba ya kusa sa ni hawan jini kafin ya samo lamba ta uku. Da ya miƙo mini wayar na ce masa, "Kai za ka danna." Ya ce, "Kai ɗin da aka ce ka durƙusa a nan kana kuka?" Na ce gumi ne, kuma danna.

Malama, na gode. Tsohuwata ta gode. Ke ce kika nemo abin amfani a yatsan da na yi shekara talatin da ɗaya ina ɓoyewa. Ke ce kika ƙi taimakona a lokacin da taimakon zai cuce ni, kika tsaya kina kallo ina zaginki a zuci. Allah ya huta da ƙafar nan taki, ya ba ki masu yi miki haƙuri irin wanda kika yi da mu.

Ranar aikinki ta ƙarshe za mu zo, ni da ita. Ta ce muryarki kawai ta sani a bakina, tana so ta ga fuskarki da idanun nan biyu. Ta kuma ce in gaya miki tun yanzu, don kada ki ce ba a sanar da ke ba: ranar ba za ki sa hannu a baya ba. Riƙe su za ta yi.